Magudanar da Na Toshe a Lambun Rumaima

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin ruwa da ƙasa da abin da ke tsirowa a tsakaninsu, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Shugaban wannan taro, mai unguwarmu Malam Abdulwasi. Limamin masallacin Rumaima, Alƙali Sharaf. Wakilin masu kula da waƙafi. Baƙonmu daga ofishin tsara birni, wanda yau yake zaune a kujerar da na taɓa zama. Dattawan unguwa, abokan wasana da suka rage. 'Yan kasuwa, da Alhaji Galib a gabansu. Iyayenmu da 'yan'uwanmu mata da ke saurare ta bayan labule. Samari da kuka cika bakin ƙofa har kuka tare mana iska: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni dama in yi magana, ko da yake na san furfurata ya duba, ba wai yana tsammanin zan faɗi abin da zai yi wa kowa daɗi ba. Ya ce mini minti goma. Na ce masa, "Abdulwasi, shekara talatin da ɗaya maganar nan tana cikina, in ta ɗan zarce goma ka kau da kai." Ina kuma godiya ga Alhaji Galib, godiya ta gaskiya, domin shi ya kawo shawarar da ta tara mu, kuma da bai kawo ta ba, da wataƙila na shiga kabari bakina a rufe. Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Mukbil ɗan Lutfi, tsohon injiniya, an haife ni a gidan nan mai hawa biyar da ke kallon lambu ta gabas.

Abin da ke gabanmu a bayyane yake. Bayan wannan bango akwai lambun masallaci, wanda yau ya koma busasshiyar ƙasa, in ban da kusurwa guda inda bishiya uku suke tsaye. An kawo shawara a malale shi da siminti, a yi wurin ajiye motoci da jerin shaguna, kuma kafin a kira azahar za ku ɗaga hannu ku yanke. Ban zo in zagi shawarar ba. Lungunanmu sun ƙuntata, sau nawa aka ɗauki mara lafiya a kafaɗa har bakin titi don motoci sun toshe hanya, samarinmu kuma suna neman abin yi. Duk wannan gaskiya ne. Amma an ɗora shawarar a kan magana guda da nake ji ana ta maimaitawa, wai lambun ya mutu da kansa, wai fari ne, wai rijiya ce ta ƙafe, wai zamani ne ya zo da haka. Jama'a, lambun nan bai mutu da kansa ba. Kashe shi aka yi, kuma wanda ya kashe shi ne yake tsaye a gabanku.

Na farko, bari in tuna wa manya, in kuma faɗa wa yara, yadda lambun yake shan ruwa. Waɗanda suka gina birnin nan namu na San'a sun san ƙasarmu ba ta da kogi, sun san kowane ɗigo da wahala ake jawo shi, don haka ba su yarda ruwa ya yi aiki ɗaya ya tafi ba. Raƙumi ya jawo daga rijiya, a cika wuraren alwala. Mutane su wanke fuska da hannu da ƙafa, ruwan ya gangara ta wata magudana ta dutse a ƙarƙashin bangon gabas, ya taru a tafkin lambu. Ruwan bayi kuwa hanyarsa daban, ba ya ko kusantar wannan. Sau biyar a yini ake salla, sau biyar a yini tafki yake ƙaruwa, da safe kuma mai lambu ya buɗe, ruwa ya bi kwarami kwarami har gindin bishiyar ƙarshe. Idan masallaci ya cika, lambu ya ƙoshi. Idan mutane suka yi kasala, ganye ne yake fara tona musu asiri.

Mai lambun shi ne Baffa Hizam, Allah Ya jiƙansa, kamar yadda ubansa da kakansa suka riƙe kafin shi. Dattawan da ke nan sun tuna yadda yakan tsaya a bakin ƙofa da fartanya a kafaɗa yana tsokanar masu fashin jam'i. Ga Naji nan a zaune, ya ƙaryata ni in zai iya. Baffa Hizam yakan hango shi ya ɗaga murya: "Kai Naji! Kwana uku ba ka zo asuba ba, albasata ce ta gaya mini. In ba ka tsoron Allah, ka ji tausayin rummana mana!" Naji ya ce, "Baffa, a gida nake yi." Shi kuma ya ce, "To ka ɗebo mini ruwan alwalar a kwano ka kawo, malalaci."

Bishiya arba'in da ɗaya ne a ciki, na ƙirga su tun ina yaro: rumman, da ɓaure, da inabi a kan rumfa, da magarya babba a tsakiya. A ƙarƙashinsu albasa da na'ana'a da hulba da ɗoɗɗoya. Babu tukunyar miyar salta da aka sauke a unguwar nan ba tare da ganyen lambun ba, babu angon da aka naɗa wa rawani ba a soka masa reshen ƙamshi daga can ba. Iyayenmu mata kuwa, waɗanda sukan yi mako ba su taka titi ba, wannan lambu shi ne duk koren da idonsu yake gani. Mahaifiyata takan shimfiɗa tabarmarta a jikin tagar gabas, nan take tsince shinkafa, nan take shan shayinta, nan take lazimi.

Na biyu, abin da na aikata. A shekarar da aka shimfiɗa bututun ƙazamin ruwa aka kuma daɓe lunguna da dutse, ni aka ɗora a kan wannan unguwa, saboda an ce ɗan gida ne, ya san lungu da saƙo. Aikin mai kyau ne, ba zan musa ba, ya raba mu da wari da ƙudaje. Amma na dawo daga karatu da takarda a hannu da girman kai a ƙirji, kuma a takardata duk ruwan da ya fito daga gini sunansa ɗaya, hanyarsa ɗaya. Da leburori suka tona gindin bangon gabas suka tarar da magudanar dutse, sai na ce a karkatar da ruwan zuwa babban bututu, a toshe bakin da ke shiga lambu.

Muna cikin haka sai ga Baffa Hizam, ƙafafunsa duk laka, ya tattare zani zuwa gwiwa. Ya leƙa ramin ya ce, "Ɗan Lutfi, me kake shirin yi da wannan?"

Na ce, "Baffa, za mu haɗa shi da babban bututu."

Ya ce, "A'a ɗana, ka yi kuskuren rami. Na bayi ga shi can ta kudu. Wannan ruwan fuskar mutane ne, har da ta ubanka a ciki."

Na ce, "Duk ɗaya ne a wurinmu. Ruwan da aka riga aka yi amfani da shi ƙazanta ne."

Sai ya kwashe da dariya, ya juya ga leburori ya ce, "Kun ji fa! Ashe ƙazanta ya ci ya girma. Ɓauren da yake haurowa yana sace mini, da wane ruwa ya nuna? Kai, har yau takalminka wari guda yana ɗakina, wanda ka bari a kan katanga ranar da na biyo ka."

Leburori suka fashe da dariya. Wasa yake yi, irin wasan da ya saba yi da kowa, kuma a cikin wasan yana ba ni hanyar da zan janye ba tare da na ji kunya ba. Amma ni na ji zafi. Mutum goma sha biyu da ke ƙarƙashina suna dariya, wanda ya sa su dariyar kuma mai lambu ne. Jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya tunda mu kaɗai ne a nan. Mun san inda muke zaunar da mai lambu idan ya shigo majalisa, can bakin ƙofa kusa da takalma. Muna cin abin da hannunsa ya shuka, amma ba ma ba shi 'ya, ba ma karɓar tasa. A cikin wannan aka rene ni, kuma wannan ne ya yi magana da bakina. Na ce masa, da ƙarfi don kowa ya ji, "Baffa, koma wurin albasarka. Ranar da aka fara tambayar mai lambu yadda ake tsara birni, zan aiko a kira ka."

Ya dube ni, sannan ya ce, "To, Injiniya." Ya juya ya tafi. Tun ina rarrafe yake ce mini ɗana, daga ranar bai sake ba. Leburan da na ce ya zuba siminti ya tsaya yana sosa ƙeya, yana cewa, "Yallaɓai, anya kuwa?" Na fizge cokalin gini daga hannunsa, na sauka ramin da wandona mai guga, na toshe bakin magudanar da hannuna. Washegari aka jera duwatsu a kai.

Na uku, abin da ya biyo baya. Lambu ba ya mutuwa rana ɗaya, kuma wannan ne ya ba ni mafaka. 'Yan shekaru Baffa Hizam ya riƙa ba shi ruwa daga rijiya kai tsaye. Rijiya ta ja baya, aka ƙara mata zurfi, ta sake ja, har ta ƙafe kamar sauran rijiyoyin gari. Masallaci ya koma sayen ruwan tanka. Amma ku lura da kyau: alwala ba ta tsaya ba. Har yau sau biyar a yini ruwa yana zuba a bayan wannan bango, har yau sau biyar a yini yana wucewa ta ƙarƙashin ƙafafunmu, taku huɗu daga ƙasar da ƙishirwa ke kashewa, ya je ya gauraya da najasa. Da magudanar tana buɗe, da lambun ya ragu, amma da bai mutu ba.

Inabi ne ya fara tafiya. Rumman ya bi, ɗaya bayan ɗaya. Duk bishiyar da ta bushe, Baffa Hizam da kansa yake sare ta, ba ya bari wani ya taɓa, kuma ina jin saran gatarin daga ɗakina. Ya koma tara ruwa a robobi a ƙarƙashin famfunan alwala, yana jida da jarka biyu, tsoho mai shekara saba'in. Ni kuma me na yi? Na canza hanyar zuwa aiki. Na koma salla a wani masallaci, na ce ya fi kusa da ofis. Aka yi mini ƙarin girma, aka riƙa gayyata ta taruka in yi bayani a kan yadda ake ƙawata birni da itatuwa. Na sa aka dasa bishiyoyin ƙasashen waje a shataletale, ana shayar da su da tanka, ana ɗaukar mu hoto. Wata rana mahaifiyata ta kira ni bakin taga ta ce, "Mukbil, me ya sami lambun Hizam? Ko tsuntsaye sun daina zuwa." Na ce, "Fari ne, Inna." Wannan maganar fari da kuke ta maimaitawa yau, a bakina ta fara fitowa, kuma uwata na fara yi wa ƙaryar.

Sau ɗaya tak muka yi kiciɓis da Baffa Hizam a lungu, inda babu wurin kaucewa. Yana tafe da jarkokinsa, ya rankwafa, ruwa yana fallatsa. Na buɗe baki zan gaishe shi, wataƙila ma in ce wani abu. Ya riga ni. Ya ce, "Matsa, Injiniya, kar ƙazanta ta taɓa maka wando." Na matsa. Wallahi matsawa na yi, ya wuce.

Akwai abin da matasa ba su sani ba. Duk wanda ya rasu a unguwar nan, da ganyen magaryar lambun ake yi masa wanka. Ba a aika wa Baffa Hizam, da ya ji kuka a gida zai tsinko ya daka ya kawo, ba ya karɓar ko godiya. Ranar da mahaifiyata ta rasu, bayan duk abin da ya faru tsakaninmu, na fito zaure na tarar da ƙullin ganyen a bakin ƙofa. Magaryar a lokacin reshe biyu ne suka rage mata masu rai. Shekara shida da suka wuce shi ma ya cika, magaryar kuwa ta riga shi da shekara biyu. Mutumin da ya wanke matattunmu shekara hamsin da ganyen bishiyarsa, sai da Naji ya je kasuwa ya sayo garin magarya a leda sannan aka yi masa wanka. Ina cikin sahu aka yi masa salla. Na yi kuka, mutane suka ce Mukbil mai tausayi ne. Ba tausayi ba ne, kunya ce, kuma ko a ranar ban iya buɗe baki ba.

Bishiya ukun da suka rage, rumman biyu da ɓaure ɗaya, 'yarsa Takiyya ce ta riƙe su da rai. Mijinta ya rasu, bayanta yana ciwo, amma kullum tana jida da jarkokin ubanta. Idan aka malale wurin, bishiyoyin za su tafi, haƙƙin noman da gidansu ya riƙe tun kakanni zai tafi tare da su. Da na ji labarin shawarar nan a watan jiya, na tafi ƙofar lambu na yi sallama. Na ce, "Takiyya, gafara na zo nema."

Ta ajiye jarka ta ce, "Ta wa? Tawa ko tasa?"

Na ce, "Tasa."

Ta ce, "To ka makara, Baffa Mukbil. Yana maƙabarta, ka san hanya. Ni ba a bar mini yafiyarsa a gado ba, jarka biyu aka bar mini da bishiya uku."

Na ce, "To me zan yi?"

Ta ce, "A gaban mutane ka wulaƙanta shi. Kar ka zo mini nan a ɓoye kamar mai satar ɓaure. Ka je gaban mutane ka faɗa."

Na huɗu, roƙona. Ina roƙonku kada ku ɗaga hannu ga siminti yau. Ku ba lambun nan shekara ɗaya. Dutse shida za a ɗaga, a fasa abin da na toshe, magudanar tana nan lafiya a ƙasa domin waɗanda suka sassaƙa ta sun fi ni iya aiki. A gyara tafki, a sa yashi da tsakuwa a bakinsa saboda sabulun da aka shigo da shi wurin alwala. Na auna ruwan da ke fita daga masallacin nan a yini, mako uku ina aunawa, ya ishi bishiya ashirin da kwaramin albasa. Alhaji Galib, samarin da kake nema wa shaguna gaskiyarka ne. Ƙasan gidana, inda kakana yake ɗaure dabbobi, yana kallon titi kuma zai ɗauki shago huɗu. Na bayar, shaidu ga su nan. Batun motoci kuwa ba ni da amsarsa duka, ba zan yi muku ƙarya ta biyu ba.

Kai kuma ɗana na ofishin tsara birni, ka ji daga wanda ya riga ka zama a kujerar. Kafin ka zana bishiya a takarda, ka tambayi inda za ta sha. Kafin ka toshe rami, ka tambayi wanda ya tona shi don me. Kafin ka kira masana daga nesa, ka kira mutumin da ƙafarsa take cikin lakar wurin, ka zaunar da shi kusa da kai, ba kusa da takalma ba. Ba masallacin Rumaima kaɗai aka yi wa haka ba, ka zagaya ka gani.

Ba na yi muku alkawarin lambun da muka sani zai dawo. Bishiya talatin da takwas sun tafi, sun tafi ke nan. Ko gobe aka dasa magarya, ni ba zan zauna a inuwarta ba, ba kuma da ganyenta za a wanke ni ba. Wannan na haƙura da shi, domin ni na jawo.

Idan kuma kuka duba kuka ga siminti ya fi muku, haƙƙinku ne, ba zan ɗaga murya ba, wanda ya yi abin da na yi ba shi da bakin tsawata wa kowa. Abu ɗaya kawai zan roƙa. Magudanar nan ba ta cikin kowace takarda, domin ban ɗauke ta a bakin komai ba balle in zana ta. Leburorin da suka ga wurin duk sun rasu. Ni kaɗai na rage, shekarata saba'in da biyu, likita kuma ya ce idona na dama ya tafi, na hagu yana bin sa. Kafin motar siminti ta shigo, a ba ni mutum biyu da diga, in kai su in nuna wurin tun ina gani, a rubuta, a ajiye a hannun liman. Wataƙila bayanmu a sami mutanen da suka fi mu hankali, kada su nema su rasa.

Takiyya 'yar Hizam, na san kina bayan labulen nan kina ji. Ubanki ne ya san birnin nan, ni ban san shi ba. Shi ya yi gaskiya, ni na yi girman kai, na kuma rufe da ƙarya shekara talatin da ɗaya. Ga shi na faɗa a gaban mutane. Ban ce ki yafe ba.

Ya Allah Ka jiƙan Baffa Hizam, Ka shayar da shi kamar yadda ya shayar, Ka sanyaya masa makwanci. Ya Allah Ka jiƙan iyayenmu da suka rasu suna kallon busasshiyar ƙasa ba su san dalili ba. Ya Allah Ka ba Takiyya lafiya da ƙarfin baya. Ka saukar mana da ruwa mai albarka, Ka koya mana riƙon wanda Ka riga Ka ba mu. Ka shiryar da hannuwan da za a ɗaga yanzu zuwa ga abin da ya fi alheri ga unguwar nan da 'ya'yanta, Ka mayar da kowa gidansa lafiya. Ni kuma, ya Ubangiji, Ka san abin da nake roƙo.

Malam Abdulwasi, na zarce minti goma, ka yi haƙuri. Jama'a, na gode.